Yadda Aka Mai da Yaya Laure Waliyiya

Cikin wata biyu, yayata Laure ta samu tabarau, an cire mata haƙori ɗaya, an kuma wanke mata kunne. Duk a asibiti ɗaya a Birnin Kebbi, duk ranar Talata, kuma babu ko ɗaya cikin ukun nan da ya taɓa yi mata ciwo. Ni Ɗayyaba, ƙanwarta, ina tsaye aka yi duka. Saboda haka idan kun ji ina huce haushi a kan mijinta, ku sani rabin haushin nan kaina nake yi wa.

Abin da ke damun Yaya Laure kowa a gidan ya san shi. Da damina kwalekwale ya kife da ɗanta Abdulhafiz, ɗan shekara tara, a gulbin Argungu, suna dawowa daga fadama. An yi zaman makoki, an yi sadakar arba'in, mutane suka watse, kowa ya koma harkarsa. Ita ce dai ba ta tashi ba. Matar da in tana faɗa ake jin muryarta gida uku, ta koma ba ta ce wa kowa uffan. Ba barci, ba ci sai an tsare ta. Sai ta zauna a tabarma ta kafe bango da ido tun hantsi har azahar. Ko kukan ma ba ta yi.

Wata Asabar na je Argungu daga Badariya, unguwarmu a Birnin Kebbi, inda nake koyarwa a firamare, na zauna ina taje mata kai. Sai ta ce mini, da murya irin ta mai aiken sayo gishiri:

"Ɗayyaba, ni wahala kurum nika ba mutane. Da babu ni, da kowa ya huta."

Ranar Litinin na tsallake aji na tafi asibiti ina tambaya, wannan ya nuna mini can, wancan ya nuna mini nan, har na kai ƙarshen wata doguwar baranda. Ƙofa ta ƙarshe ce, an rubuta ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. Wata nas ta saurare ni har na gama. Ta ce ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani kuma ana warkewa. Ta ce likita na zama duk Talata, mu kawo ta, kuma maganar nan da ta yi ba a wasa da irinta.

Na kai wa mijinta, Alhaji Hodi, labari ina murna kamar na tsinci wani abu. Alhaji Hodi dillalin albasa ne, mai tumbi, mai fara'a. Ba mugu ba ne, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi, don mugu kin san inda za ki kama shi.

"Ɗayyaba," ya ce, "kin yi boko, amma ba ki san duniya ba. In anka gan mu bakin wagga ƙohwa, kahin mu kawo Argungu labari ya riga mu isowa. Wa za shi ɗauki ɗiyar mahaukaciya?"

"Alhaji, wa ya ce mahaukaciya ta? Rashin lahiya na."

"To mi anka rubuta bisa ƙohwar?"

Ga inda gizo ke saƙar. Babbar 'yarsu, Ni'ima, ta gama karatu, kuma ta daidaita da wani yaro Muhyiddeen, ɗan gidan malamai a Birnin Kebbi. Suna son juna, ba wanda ya tilasta wa wani. Amma gidan su yaron ba sa sa rana sai sun yi binciken asali, sun ji ko akwai sata ko kuturta ko taɓin hankali a dangin yarinya. Mai binciken kuwa gwaggon ango ce, Hajiya Riskuwa, wadda aka ce ta taɓa warware wani aure don ta ji kakan amarya yakan yi magana shi kaɗai a kasuwa.

Na yi ta naci har ya yarda, da sharaɗin za mu je da sassafe kafin idon mutane ya buɗe.

Muna tafe a barandar nan, Yaya Laure a tsakiyarmu, saura taku goma mu kai ƙofar, sai muka ji an ce, "A'a, Alhaji! Lahiya dai?" Kalilu ne, masunci ɗan unguwarsu, ya kawo tsohonsa a duba masa yanar ido. Alhaji Hodi ya ja birki kamar babbar mota mai lodi.

"Lahiya lau, Kalilu. Ido na. Idon iyali ka damun ta."

"Ashe layinmu ɗaya! Baba, matsa ma Alhaji."

Haka muka zauna a bencin masu ciwon ido awa uku, ina kallon ƙofa ta ƙarshe tana buɗewa tana rufewa. Da layi ya zo kanmu aka auna idon Yaya Laure, aka ce ba laifi, sai dai na shekaru, aka rubuta mata tabarau. A mota Alhaji ya yi ta jinjina kai.

"Ai ba mu yi zuwan banza ba. Wa ya sani, ƙila rashin gani sosai shi ka hana ta magana."

Zuwa na biyu ya shirya. Ya naɗa rawani, ya sa takunkumi, ya ɗora baƙin gilashi, ya ce yau ko uwar da ta haife shi ba za ta gane shi ba. Bai yi tunanin tumbinsa ba. Wani mai awon albasa ya hango shi daga baya ya ƙwala masa kira da cikakken sunansa. Bencin da ya fi kusa na masu haƙori ne, can muka faɗa. Likitan ya duba ya ce ɗan rami ne a haƙorin turmi ɗaya, ana iya cike shi, ana iya barinsa. Alhaji ya ce a cire. Ya raɗa mini cewa in kumatu ya kumbura, ko wa ya tambaya a Argungu ga shaida a fuska.

Abin da har gobe ba na mantawa shi ne yadda Yaya Laure ta buɗe baki. Ba ta tambayi dalili ba, ba ta ɗaga hannu ba. An ce ta buɗe, ta buɗe. Na fita waje na yi kuka, na share hawaye, na dawo na riƙe mata jaka.

Zuwa na uku ba mu haɗu da kowa ba. Alhaji ne ya hango wani mutum da ya yi kama da wani mutum da ya sani, muka ƙare a wurin masu kunne. Daga nan ya yanke hukunci.

"Sau uku muna zuwa, sau uku ana tare mu. Allah bai nuhwa ba. A bari sai bayan biki."

Ana cikin haka saƙo ya zo cewa Hajiya Riskuwa za ta zo gaida surukai. Gida ya rikice. Ba a iya ɓoye uwar amarya, ba a kuma iya nuna ta. Alhaji ya kwana yana tunani, ya tashi da dabara. Aka yi wa Yaya Laure wanka, aka sa mata farin hijabi, aka shimfiɗa mata darduma, aka saƙala mata dogon carbi a hannu, aka ɗora mata tabarau. Bangon da take kallo kullum, cikin ikon Allah, yana gabas. Aka shaida wa baƙuwa cewa tun rasuwar yaron Laure ta shiga halwa, ta yi alkawarin ba ta ƙara maganar duniya.

Hajiya Riskuwa ta shiga ta yi sallama, ba a amsa ba. Ta yi gaisuwa, ba a amsa ba. Ta zauna rabin awa tana kallon ƙeyar yayata. Ina tsakar gida ina jira, sai ga ta ta fito tana share hawaye da gefen mayafi.

"Na ga bayin Allah," ta ce, "amma ban taɓa ganin wadda duniya ta hita ranta kamar wagga ba. Ni Riskuwa, ko kallona ba ta yi ba! Wanga gida shi muka nema."

A makon aka sa rana, wata biyar.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma Hajiya Riskuwa ba ta riƙe labari, ko mai daɗi ko marar daɗi. Kafin wata ya zagayo mata sun fara sallama a gidan da gorunan ruwa, a yi musu tofi. Yaya Laure ba ta tofa komai. Sai dai lokaci lokaci takan yi wata doguwar ajiyar zuciya, mai gora ta yi maza ta tara, ta rufe, ta tafi tana godiya. Rashin cinta ya zama azumi. Rashin barcinta ya zama tsayuwar dare. Ƙasusuwan wuyanta da suka fito aka ce haske ne. Sunanta ma ya ɓace, kowa sai Sayyada.

Alhaji Hodi ya sayo sabon kafet, ya sa benci a zaure don masu jiran layi. A masallaci aka fara matsa masa a sahun gaba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ranar da na ga ya tuɓe takalmi kafin ya shiga ɗakin matarsa. Mutumin nan shi ya ƙirƙiri ƙaryar da kansa, ina wurin, amma yanzu ya fi kowa gaskata ta.

Na kama Ni'ima a madafa na ce mata uwarta na ƙarewa a gabanmu. Ta fashe da kuka.

"Anti, na sani. Walle na sani. Amma a bari a ɗaura kurum. In anka ɗaura, ni da kaina za ni kai ta."

Ni ma sai na bar maganar. Na ce wa kaina ai saura kaɗan, na hau mota na koma Badariya.

Wata Asabar ina ɗakin, wata mata mai suna Ma'u ta shigo daga Augie, tana jan 'yarta Sadatu. Yarinyar ta haihu wata biyu da suka wuce, tun daga nan ba ta ɗaukar jaririn, ba ta ci, ba ta magana. An yi hayaƙi, an yi rubutu, an yanka baƙar kaza, shiru. Aka zaunar da ita kusa da darduma, ta kafe ƙasa da ido.

Sai na ga abin da na yi wata da watanni ban gani ba. Yaya Laure ta juyo daga bango. Ta daɗe tana kallon yarinyar, kamar mai duba madubi. Sannan ta yi magana, muryar duk ta dishe don rashin amfani.

"Ku kai ta Birnin Kebbi, asibiti. Doguwar baranda, ƙohwa ta ƙarshe. Ran Talata."

Ma'u ta yi kabbara. Sayyada ta yi magana! Ba wanda ya ji kunyar bin umarnin waliyiya, don haka Talata na zuwa suka tafi, suka zauna a bencin da mu muka kasa zama. Bayan mako shida suka dawo da kaji biyu, Sadatu goye da ɗanta, tana gaida mutane. Argungu ta ɗauka, karamar Sayyada ta bayyana. Ana ta hayaniya a tsakar gida, Yaya Laure ta yafito yarinyar, ta tambaye ta a hankali, ni kaɗai na ji.

"Mi ke akwai bayan ƙohwar?"

"Tebur na, Sayyada, da kujeru, da wata mata likita. Ta tambaye ni yadda nika kwana, da abin da nika ji cikin raina. Ina hwaɗi tana saurare."

"Tana saurare?"

"Har na ƙare."

Yaya Laure ta gyaɗa kai, ta koma ga bangonta. Ni kuwa a nan wurin dabara ta faɗo mini, kuma ban ji kunyar ta ba, don a gidan nan ƙarya kaɗai ke da ƙafar tafiya. Na sami Alhaji a zaure na ce masa Sayyada ta nuna alamar tana son ta riƙa zuwa duk Talata tana yi wa marasa lafiyan ƙofar nan addu'a.

Fuskarsa ta washe. "Kin gani ko? Ni na san zuwan da munka yi ta yi ba banza ba. Kira na anka yi mata."

Ranar Talata ya sa babbar riga, ba rawani, ba takunkumi. Ya shiga gaba a barandar nan yana buɗe mana hanya, duk wanda ya sani da wanda bai sani ba sai ya tsaya ya shaida masa inda za mu. Ya kai mu har bakin ƙofa ta ƙarshe, ya buɗe ta da hannunsa, ya zauna a benci yana amsa gaisuwa.

A ciki likita ta ce wa Yaya Laure ta zauna, ta tambaye ta sunanta, ta tambaye ta yadda take kwana. Likitar ba ta gaggauta ta ba. Can sai yayata ta ce, "Sunanshi Abdulhahizu." Daga nan kukan da ya yi kusan shekara a maƙale ya ɓalle. Ta yi shi har hijabin ya jiƙe. Daga baya na ji cewa Alhaji, da ya jiyo ta ta ƙofa, ya juya ga na kusa da shi ya ce addu'a ta kai inda takan kai.

Aka ba ta magani, na damƙa wa Ni'ima ta ɓoye cikin kwanonin jerenta, tana ba ta kullum. Talata biyar muka yi. Ba zan ce ta warke ba, amma ta fara barci. Ta ci tuwon shinkafa da miyar kifi har ta nemi ƙari. Wata rana wata mata ta tara mata gora, sai Yaya Laure ta dube ta ta ce, "Ruwan ga na da datti, ki tahi ki tafasa shi kahin ki ba yaro." Wata rana kuma akuya ta shigo ta ja carbin, aka ji Sayyada ta yi dariya.

Bencin zaure ya fara zama wayam. Mata suka fara raɗe-raɗi a bakin rijiya cewa Sayyada ta fara cin kifi, Sayyada ta yi ƙiba, hasken ya ragu. Hankalin Alhaji ya tashi. Ya bincike gidan har ya kai ga kwanonin Ni'ima. Da na iso ranar Talata ta shida, ya riga ya zuba maganin a masai.

"Zuwa asibitin ga shi ka zubar mata da baraka," ya ce mini. "Marasa lahiya sun shanye ta. Babu sauran Talata sai bayan biki."

Duk wasan da ke tsakanin ƙanwar mata da mijin yaya na ajiye shi gefe. Na ce masa ya ji tsoron Allah. Na ce masa matarsa ce, uwar 'ya'yansa, ba haja ba ce da za a ajiye a rumfa sai kasuwa ta yi kyau. Ya saurare ni ba tare da fushi ba, har da tausasa murya.

"Mako uku kurum, Ɗayyaba. Ki bar ta ta koma yadda take."

Kwana tara bayan nan aka kawo lefe. Hajiya Riskuwa da mata shida suka jera akwatuna a gaban darduma, Sayyada ta sa albarka. A kwanakin nan tara na ga yayata tana komawa ramin da ta fito, barcin ya gudu, kwanon abinci na dawowa a cike. Ita ma ta gani, kuma yanzu ta san ana iya fita daga ramin. Mata suka yi tsit suna jiran ajiyar zuciya. Sai ta juyo ta fuskance su.

"Hajiya, ku gahwarce ni. Ni ba waliyiya ba ta. Ɗana ya mutu cikin ruwa, tun rannan ban da lahiya. Likita ta ce ciwon damuwa na. Ina shan magani ina samun sauƙi, Alhaji ya zuba shi masai. Ni dai a bar ni in koma Talata, shi kaɗai nika roƙo."

Wata daga cikin matan ta yi saurin cewa, "Tawali'u na! Haka bayin Allah ka ɓoye kansu." Har wasu sun fara gyaɗa kai. Amma Hajiya Riskuwa ba a banza aka ba ta aikin bincike ba.

"Wane likita?" ta tambaya.

"Na ƙwaƙwalwa."

Hajiya ta miƙa hannu ta rufe akwatin da ke kusa da ita, ta ja zif a hankali. Ta ce za su koma su yi shawara. Motar da ta kawo lefen ita ta mai da shi, ko ruwa ba su tsaya sha ba.

Alhaji bai doke ta ba, bai sake ta ba. Ya dai ce ta biyo ni Badariya ta huta, shi kuma yana gaya wa mutanen Argungu cewa Sayyada ta tafi ziyara. Da muka fito da jakarta, Ni'ima na ɗaki ta kulle ƙofa. Yaya Laure ta tsaya ta kira sunanta sau biyu, sannan muka wuce.

Yau wata huɗu ke nan tana wurina. Tana barci, tana ci, tana faɗa da ni kan yadda nake dafa miya. Keke ke kai mu asibiti, tafiyar minti goma. Muhyiddeen an sa masa rana da wata. Na daɗe ina neman mutum ɗaya da zan ɗora wa laifin nan, kullum sai in ga layin ya yi tsawo, kuma ina cikinsa. Abin da Alhaji ya ji tsoro ya faru ɗin, wannan gaskiya ne. A garinmu an yarda mace ta ƙare a kan darduma ana kawo mata kaji, amma ba a yarda ta ce ba ta da lafiya ba.

Jiya da la'asar muna tsintar shinkafa a tsakar gida, ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Ɗayyaba, da na yi shiru rannan, da yanzu Ni'ima na ɗakinta ko?"

Ban iya yi mata ƙarya ba, wadda muka yi ta isa.

"Da tana ɗakinta, Yaya."

"Ni hwa?"

Ita ta ba kanta amsa.

"Da ina gulbi."

Ta goge hannu a zane, ta ɗauki waya ta kira lambar Ni'ima. Muna jin tana ƙara, tana ƙara, har ta yanke. Ta ajiye ta kusa da ƙafarta, ta jawo faifan shinkafa.

"Gobe in sake," ta ce.